Malam Abdullahi Mai Gwandu da Zafin Ran da Ya Sha Tarbiyya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi sawunsu har ranar sakamako. Allah ya ƙara yarda ga Shehu Abdulƙadir Jilani da sauran bayinsa salihai.

Bayan haka, ƴan'uwa, ban ɗauki alƙalami a kan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo don na isa in ba da tarihinsa ba. Wata damuwa ce ta kaina ta kai ni gare shi. Bara, bayan Maulidi, na ɗauke ƙafa daga zawiya kusan wata biyu. Na ga ana ture-ture a kan wurin zama kusa da manya, na ga an ja mai kuɗi gaba an bar tsohon da ya daɗe yana share zawiya a bakin ƙofa, sai zuciyata ta tafasa, na faɗi maganganu a gaban waɗanda suka yi jika da ni, na fice. A ganina kishin gaskiya ne. Da muƙaddaminmu ya aika aka kira ni, bai yi mini faɗa ba, bai kuma ce abin da na gani ƙarya ne ba. Umarni ɗaya ya ba ni: in je in karanta rayuwar Mai Gwandu tun daga farko har ƙarshe, kada in tsaya a tsakiya. Sai da na yi nisa na gane dalilin wannan sharaɗi.

Na san wani zai ce me ya haɗa ɗan Damagaram da Gwandu. Gaskiya ne kakanninmu ba su zauna ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. A zamanin da Malam Abdullahi yake raye ne Sarki Sulaimanu ya mayar da gadon sarauta Zinder, gaisuwa kuwa Borno ake kai ta. Amma ganuwar da Sarki Tanimu ya kewaye Birni da ita daga baya mahara take tarewa, littafi kuwa ta ƙofa yake shiga a cikin gafakar almajiri. Malamanmu sun san Mai Gwandu ta tafsirinsa da nahawunsa, ga kuma zumuncin ɗariƙa, domin shi da yayansa duk Ƙadirawa ne.

An haife shi a shekara ta 1180 bayan hijira, wato wajen 1766, a ƙasar Gobir, a gidan malanta na Toronkawa. Mahaifinsa Malam Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsa Hauwa. Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasarmu ta Nijar ta yau a 1754, ya girme shi da shekara goma sha biyu. Ya karanta Alƙur'ani a wurin mahaifinsu, da ya kai shekara goma sha uku aka danƙa shi a hannun yayansa. Wannan shi da kansa ya faɗa a littafinsa Ida'un Nusukh, inda ya jera malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. A hannun Shehu ya karanta Ishiriniya da Witriya da waƙoƙin Larabawan jahiliyya da tauhidi da nahawu da fiƙihu da tasawwufi. Ya ji Sahihul Bukhari a wurin Malam Muhammadu ɗan Raji, sannan su biyu suka zauna gaban Malam Jibrilu ɗan Umar, wanda ya ba su ijaza.

To, ga uwa ɗaya uba ɗaya, malamai kusan ɗaya, wuridi ɗaya, amma hali kowa da nasa. Yadda Muhammadu Bello ya siffanta mahaifinsa a Infaƙul Maisur, Shehu mutum ne mai sakin fuska, mai haƙuri da jahili, wanda yake ɗan tsayawa ya sabunta niyya kafin ya fito gaban jama'a. Ƙaninsa kuwa kaifi ne da shi. Hankalinsa na saurin kama abu, harshensa na saurin mayar da amsa, in ya ga karkata a cikin lamari ba ya iya kau da kai. Irin mutanen nan ne da ba su iya cewa to alhali zuciyarsu tana cewa a'a.

A jami'a, a darasin ilimin halayyar ɗan Adam, an karanta mana binciken da wasu likitoci biyu, Thomas da Chess, suka fara a Amurka a 1956, inda suka bi yara 133 tun suna jarirai har suka girma. Sun ga tun a zanen goyo wani yaro mai sauƙin kai ne, wani mai wuyar sha'ani, wani kuma sai a hankali yake sakin jiki da baƙon abu. Abin da suka fi nanatawa shi ne makomar yaro ba ta rataya ga halittarsa kaɗai ba, ta rataya ga dacewar wannan halitta da hannun da ya rene ta. Ina zaune a aji ina jin wannan sai na tuna Imamu Gazali ya riga su da ƙarnoni, a babin horar da rai na Ihya'u. Ya yi raddi ga masu cewa hali ba ya canzawa, ya nuna da haka ne da wa'azi da nasiha duk sun zama aikin banza, alhali ko doki da kare da shaho ana horar da su. Amma kuma bai ce a tumɓuke fushi ba. Ya kawo misalin ƙwallon dabino, wanda ba zai taɓa zama itacen tuffa ba, sai dai in ya sami kulawa ya zama dabino mai ƴaƴa. Hausawa sun ce hali zanen dutse. Ni yanzu fahimtata ita ce zanen ba ya kankaruwa, amma magini shi ke zaɓar inda zai aza dutsen.

Shehu ya san inda zai aza ƙaninsa. Lokacin da suke yawon wa'azi wajen Zamfara, wani malami mutumin Borno da ake kira Mustafa Gwani ya yi waƙa yana sukar yadda mata ke halartar majalisin Shehu. Shehu bai amsa da kansa ba, sai ya umarci Abdullahi, wanda a lokacin bai wuce shekara ashirin da ƴan kai ba. Saurayin ya mayar da amsa a waƙe, a kan ma'auni da amsa-amon da malamin ya yi amfani da su. Ma'anar amsar ita ce su ma ba su yarda da cakuɗuwar maza da mata ba, amma barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi wannan muni. Ku duba nan, ƴan'uwa. Kaifin harshen da zai iya zama fitina a unguwa, da ya faɗa hannun shehi mai basira sai ya zama garkuwar karatun iyayenmu mata.

Da al'amari ya tsananta tsakanin Jama'a da Sarkin Gobir Yunfa, aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Malam Abdullahi ne farkon wanda ya miƙa hannu ya yi wa Shehu mubaya'a. Shi ne kuma ya jagoranci runduna a Tabkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara, inda ƴan tsirarun masu baka da kibiya suka karya dawakin Gobir. A ƙarshen shekarar aka yi Tsuntsuwa, aka rasa mutum wajen dubu biyu, cikinsu da mahaddata Alƙur'ani kusan ɗari biyu. Yana jinyar harbin kibiya a ƙafa a lokacin, amma da labari ya iso shi ya tashi yana ɗingishi ya tattara waɗanda suka rage. A 1805 ya ci Birnin Kebbi. Ba zan daɗe a kan yaƙe-yaƙen ba, littattafan makaranta sun ishe mu. Abu ɗaya zan tsaya a kai, domin daga nan ne ciwon zuciyarsa ya fara. A hanyar Alwasa, cikin wannan shekarar, rundunarsu ta faɗa wa garin Kwalde da wasoso alhali mutanen garin ba abokan gaba ba ne. Shi da Muhammadu Bello suka yi iya ƙoƙarinsu su hana, ba a saurare su ba, har rayukansu suka shiga haɗari a hannun mutanensu. Bayan wannan aka haɗu da abokan gaba a Alwasa, aka sha kashi mai tsanani.

Mai sanyin hali zai iya ganin irin wannan ya ce sai a hankali, jama'a ba ta gyaruwa rana ɗaya. Malam Abdullahi bai iya ba. Abokansa na Degel, waɗanda suka fito don Allah, mafi yawansu sun yi shahada. Waɗanda suka cika sahu daga baya ya ga hankalinsu ya koma kan dawaki da riguna da ƙwaraƙwarai da neman sarautar garuruwa, masallaci da makaranta kuwa an bar su. Abin da ya fi ba shi tsoro, kamar yadda ya nuna a Tazyinul Waraƙat, shi ne bai cire kansa daga cikin masu laifin ba. A shekara ta huɗu bayan hijirarsu, wajen 1807, runduna tana kan hanyar Alƙalawa, sai ya zame ya bar ta. Ya fuskanci gabas da niyyar zuwa wurin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ba da shirin dawowa ba. Shi da mutum biyar suka shiga dokar daji, kwana uku ba su ga ɗan Adam ba sai sawun giwaye.

A nan ne na so in tsaya da karatu, domin na ga kamar na sami hujja. In dai wazirin Shehu, kwamandan Tabkin Kwatto, zai bar runduna saboda lalacewar niyyar mutane, wane ne zai zarge ni don na bar zawiya? Sai na tuna sharaɗin muƙaddami, na ci gaba.

Tafiya ta kai shi Kano, zamanin Sarki Sulaimanu, farkon sarkin Kano na Jama'a. Abin da ya tarar a can shi ne ainihin abin da ya gudo ya bari. Mutanen Kano suka hana shi wucewa, suka roƙe shi ya zauna ya koya musu yadda ake tafiyar da hukunci. Da farko ya ƙi, daga baya ya sauko. Ya rubuta musu Liya'ul Hukkam a kan abin da ke kan shugaba da alƙali da sauran masu riƙe da al'amarin jama'a, ya kuma karantar da su tafsirin Alƙur'ani. Mutane suka tuba, aka farfasa kayan kiɗa, har kwarangwal ɗin ganguna aka mayar da su komin dawaki. Daga nan bai ci gaba zuwa gabas ba. Ya juya ya koma wurin yayansa, wurin mutanen nan dai da ya bari, ba tare da sun canza ba. Bai taɓa zuwa Makka ko Madina ba har ya bar duniya.

Ni ban kai in yi hukunci a kan fitarsa ba, kuma ba na jin ladabi ne almajiri irina ya yi. Abin da na lura da shi kawai shi ne zafin da ya fitar da shi daga runduna shi ne dai ya zaunar da shi ya rubuta Liya'ul Hukkam. Bai huce ba, wurin zuba zafin ne ya sauya.

Kuma kada wani ya ɗauka ya dawo ne ya zama ɗan amshin Shata. Bayan an ci Alƙalawa a 1808, Shehu ya zauna Sifawa, shi kuma ya zauna Boɗinga kusa da shi, saɓanin fahimta ya fito fili tsakaninsu, a rubuce. Shehu ya ga jama'a ta yi yawa, ta haɗa kowane iri, sai ya karkata ga sauƙaƙawa a mas'alolin da malamai suka yi saɓani a kansu, kamar buga ganga a wasu lokuta, da tufafin ado ga shugabanni, da kiran shugaba da laƙabin sarauta. Malam Abdullahi ya tsaya a kan mashhurin mazhabar Malikiyya, yana tsoron in an buɗe ƙofa kaɗan sarautar da aka yaƙa za ta dawo da sabon rawani. Shehu ya rubuta Najmul Ikhwan, shi kuma ya rubuta Liya'us Sulɗan. Malami da almajirinsa, wa da ƙani, suna mayar wa juna da hujja, ba wanda ya fitar da wani daga da'ira. Har ma a cikin Najmul Ikhwan ɗin Shehu ya yi wa ɗalibai nasiha su lazimci littattafan ƙaninsa saboda ya fi kula da kiyaye zahirin shari'a, su lazimci na ɗansa Bello saboda ya fi kula da sha'anin siyasar al'umma, su karanta nasa saboda yana kula da ɓangarorin biyu. Wannan magana ta daɗe tana yi mini yawo a kai. Shehu bai nemi ya mayar da su biyun su zama shi ba. Ya san halin kowa, ya nuna wa jama'a abin da za su ɗiba a wurin kowa. Haka Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zauna da taushin Sayyidina Abubakar da tsananin Sayyidina Umar, ya ji shawarar kowannensu a kan fursunonin Badar.

A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, gabas a hannun Bello, yamma a hannun Abdullahi. Cikin wannan hidima ne ya tattara waƙoƙinsa da labarin jihadi a Tazyinul Waraƙat a 1813, ya kuma kammala babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awil wajen 1815. Daga baya ya ga tafsirin ya yi wa ƙananan ɗalibai nauyi, sai ya yi musu Kifayatu Lu'afa'is Sudan, gajere, a kan ruwayar Warshu da muke karatu da ita a allo. A nahawu yana da Baharul Muhiɗ, a sarfu yana da Hisnur Rasin. Mutumin da ake ce wa mai tsanani, ga shi ya zauna yana tausaya wa mai raunin karatu.

Jarrabawa mafi girma ta zo a 1817. Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu. Malam Abdullahi ya taso daga Boɗinga, ya iso ya tarar an rufe ƙofar gari, an riga an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, manyan jama'a suna gudun kada a sami rabuwar kai. Ku auna wannan a zukatanku. Shi ne farkon mai mubaya'a a Gudu, shi ne waziri, shi ne babban malamin Jama'a bayan Shehu, Bello kuwa ɗa ne a wurinsa kuma ɗalibinsa. Ga rasuwar yayan da ya rene shi tun yana shekara goma sha uku, ga ƙofa a rufe. Yana da mabiya, yana da rabin ƙasa a hannunsa, kuma kowa ya san ba matsoraci ba ne. Da ya ce a ja daga, da an sami masu bin sa.

Bai ja daga ba. Ya juya ya tafi Gwandu. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi masa ciwo, kuma bai yi kamar bai yi ba. A shekarar ya rubuta Sabilus Salama a kan sha'anin imamanci, kuma an ɗauki shekaru shi da Bello ba sa ga maciji. Wanda ya ce waliyyai ba sa jin zafin abin da aka yi musu bai karanta tarihinsu ba. Amma duk tsawon wannan lokaci ba a zubar da jinin Musulmi ko ɗaya a kan haƙƙinsa ba.

Wajen 1820 ragowar mutanen Abdussalami, waɗanda suka yi tawaye bayan rasuwar Shehu, suka taru a Kalambaina suka ƙarfafa, har suka gagari Gwandu. Waziri Giɗaɗo, mijin Nana Asma'u, yana cikin masu kai da kawowa don a gyara tsakanin baffa da ɗa. Bello ya taso da runduna ya kawo gudummawa, aka ci garin. Da suka haɗu a fili, kowa a kan dokinsa, Bello ya yunƙura zai sauka ya gaida baffansa kamar yadda ya saba tun yana yaro. Malam Abdullahi ya yi masa ishara ya zauna, shi ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi, a gaban rundunonin biyu. Yana da shekara hamsin da ƴan kai a lokacin. Na karanta wannan wuri sau da yawa. A Tabkin Kwatto Yunfa ya kora, a Kalambaina kuwa abokin karawar yana cikin ƙirjinsa, kuma ina ganin ƙarfin zuciya ɗaya ne ya yi aiki a wuraren biyu. Mai sanyin hali zai iya sallamawa don gudun rigima. Shi ba ya gudun rigima, kowa ya sani, shi ya sa sallamawarsa ta kashe maganar gaba ɗaya.

Da na koma wurin muƙaddami na gaya masa na kai ƙarshe, bai tambaye ni abin da na fahimta ba. Ya ce in ɗauki tsintsiya in taya tsohon nan shara kafin a fara wazifa, in kuma na sake ganin abin da bai yi mini ba, in zo in faɗa masa shi kaɗai bayan an watse. Na yi haka sau biyu zuwa yanzu. Sau ɗaya ya ce ina da gaskiya kuma ya gyara, sau ɗaya ya nuna mini abin da ban sani ba game da mutumin da na zarga, na ji kunya. Zuciyata har yanzu tana tafasa, ban ga alamar za ta daina ba.

Bayan Kalambaina Malam Abdullahi ya janye jiki daga yawancin harkar mulki, ya bar ta a hannun ɗansa Muhammadu da Muhammadu Buhari ɗan Shehu, ya koma ga karantarwa da rubutu. Rubuce-rubucensa na wannan lokaci sun fi karkata ga zuhudu da gyaran zuciya da shirin lahira. Cikin na ƙarshe-ƙarshe akwai Tahzibul Insan min Khisalish Shaiɗan, a kan tsarkake mutum daga halayen Shaiɗan. Dattijo ne ya haura sittin, ya yi tafsirin Alƙur'ani sau biyu, ya ci garuruwa, almajirai sun cika ƙofarsa, amma abin da ya ga ya dace ya ba sauran kwanakinsa shi ne wannan.

Ya rasu a Gwandu a 1245 bayan hijira, daidai da 1829, aka binne shi a can, kuma har yau ana ziyartar hubbarensa. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi. Allah ya jiƙansa da rahama, ya ƙara masa yarda, ya amfane mu da iliminsa da albarkarsa, mu da iyayenmu da shehunanmu. Amin.